Kafin Ka Hau Tsauni Da Tirela, Tambayi Gangararsa

A jihar Kolorado ta Amurka, kusan kilomita 100 yamma da birnin Denver, babbar hanyar da ake kira I-70 tana kutsawa cikin dutse ta wani dogon rami mai suna Eisenhower, wanda aka buɗe a 1973. Wurin yana da tsayin mita 3,401 daga doron teku, kuma babu inda ya kai shi tsayi a duk jerin manyan hanyoyin da suka haɗa jihohin ƙasar. Wanda ya fito ta bakin yamma, gangara ce za ta tarbe shi, kilomita 11 ana sauka babu hutu har garin Silverthorne, a kowace mita 100 ta tafiya hanya tana zurarawa mita 7. A hannun dama akwai wasu gajerun hanyoyi da suka miƙe sama, an zuba musu tsakuwa mai zurfi, an yi su ne domin motar da birkinta ya tsinke ta afka ciki ta nutse kafin ta yi ɓarna. Lokacin zafi, sa'ad da iyalai ke fita hutu, ƙaurin birki yakan cika wurin, kuma cikin masu sauka akwai ɗimbin motocin a-kori-kura, kowace tana janye da ɗaki mai taya, yara na zaune a kujerar baya. Waɗannan mutanen nake magana a kansu, kuma abin da nake son tabbatarwa ɗaya ne. Mai jan irin wannan kaya bai kamata ya zaɓi hanya da tsawonta ko da yawan awannin da za ta ci masa ba. Ya binciko gangara mafi muni da ke cikinta, ya auna ta da motarsa da nauyinsa da gwanintarsa, in ta fi ƙarfinsa ya bi zagaye ko da zai ƙara masa wuni guda.

Ga wanda bai san abin ba, tirelar yawon buɗe ido gida ce ƙarama a kan taya. Akwai gado a ciki, da madafa, da banɗaki, da tankin ruwa, da tukunyar gas. Matsakaiciya takan kai mita 6 zuwa 10, idan aka loda ta kuma nauyinta yakan kai tan 2 zuwa 4, wani lokaci ya zarce na motar da ke jan ta. Duk wannan nauyi yana maƙale ne a kan wata ƙwallon ƙarfe da ba ta fi lemon zaƙi girma ba, a ƙarƙashin bayan mota. Ƙa'idar da masu harkar suka sani ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan wannan ƙwallo, domin idan kaya ya rinjaya baya sai tirela ta fara kaɗa wutsiya, daga nan kuma sai ta ja motar zuwa inda take so. Mai tuƙin galibi ba direban sana'a ba ne. Malamin makaranta ne, ko ma'aikacin da ya yi ritaya, wanda a yawancin jihohi lasin ɗinsa na ƙaramar mota ya ishe shi a wurin hukuma, kuma sau da yawa daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya fito, irin su Kansas da Nebraska da Florida, inda mutum zai shekara bai taka birki na minti ɗaya a jere ba. A fili mota ce ke jan tirela. Da zarar hanya ta sunkuya sai al'amari ya juya, tirela ta koma tura mota, kuma wannan juyin ne sabon shiga bai taɓa ji a jikinsa ba sai ranar da ya same shi.

Yawancin masu shirin tafiya hawa suke tsoro, suna tambayar ko motarsu za ta iya kai su sama. Tambayar tana da tushe. Iska tana raguwa da tsayi, injin fetur da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 10 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 1,000, saboda haka a bakin ramin Eisenhower kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da aka sayi motar dominsa ya tafi. Inji zai yi kuka, lagireto ya yi zafi, man giya ya yi zafi, manyan motoci su yi ta wucewa. Amma hawa yana da afuwa. Wanda ya ga allurar zafi ta tashi zai iya kashe na'urar sanyaya mota, ya sauke giya, ya koma layin masu rarrafe, in ta kama ya gangara gefe ya tsaya inji ya huce. Tudun da kansa yana taya shi tsayawa. Mafi munin abin da hawa ke jawowa shi ne jinkiri da kuɗin bakanike, kuma wannan asara ce da ake mayarwa.

Sauka ba ta da wannan afuwa, kuma lissafi kaɗan ya isa ya nuna dalili. A ɗauka mota da tirelarta sun haɗu tan 6, suna sauka daga bakin ramin zuwa Silverthorne, wato zurfin kimanin mita 700. Ƙarfin da wannan nauyi ya tara a sama dole ne ya je wani wuri, kuma zafi yake komawa. Zafin ya isa ya tafasa ruwa fiye da lita 100, jarka biyar masu lita 20 da ɗoriya, cikin minti goma kacal. Iska da gogar taya suna ɗauke wani kaso, sauran kuwa ko dai inji ya shanye shi ta hanyar ƙaramar giya, ko kuma ya taru a kan ƙarfen birki. Idan direba ya ɗora ƙafa a kan birki ya bar ta, ƙarfen zai yi ja, abin da ke damƙe shi ya daina kamawa, ruwan birki kuma ya tafasa. Ruwan da ake kira DOT 3 yana tafasa a wajen digiri 205 idan sabo ne, amma idan ya tsufa ya sha danshi sai ya sauko wajen 140, kuma da zarar ya yi kumfa sai ka taka feda ta tafi ƙasa kamar ka taka auduga. Birkin tirelar kanta, wanda yawanci na lantarki ne mai ganga, ya fi na motar saurin gajiya. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke cewa ka sauka da giyar da ka hau da ita, ka shiga giyar tun kana ƙoli kafin gudu ya taru, ka taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci sannan ka saki ya huce. Wannan shawara ce mai kyau, amma tana da iyaka. Akwai gangarar da tsananinta da tsawonta suka wuce abin da giya da birkin wata mota za su iya ɗauka da wani nauyi, komai kyan hannun direba, kuma a nan babu dabarar da ta rage sai wadda aka yi tun a gida lokacin zaɓen hanya.

Wanda ke ganin an zuzuta maganar ya dubi abin da ya faru a ɗaya ɓangaren wannan hanya ranar 25 ga Afrilun 2019. Wata babbar mota ɗauke da katako ta gangaro daga tsaunuka zuwa Lakewood a gefen Denver, birkinta ya ƙone, direban mai shekara 23 ya wuce hanyar tsakuwa bai shiga ba, ya afka wa motocin da cunkoso ya tsayar. Motoci 28 abin ya shafa, mutum huɗu suka rasu. Kotu ta yanke masa shekara 110 a Disamban 2021, Gwamna Jared Polis ya rage zuwa 10 bayan jama'a sun yi ca. A wannan gangarar hukuma ta kafa manyan alluna tana gargaɗin direbobi cewa kada a ruɗe su, ba su gama sauka ba tukuna, akwai sauran gangara da kwana a gaba, domin daga can ana hango gine-ginen Denver sai mutum ya ɗauka ya iso. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wannan direba yana da lasin babbar mota, yana da birkin iska, amma gangara ta ci shi. Ina ga magidancin da ya sayi tirela a watan jiya?

To, da me ake auna hanya? Tsayin mashigin dutse, wanda shi ne lambar da aka fi bugawa a taswira, yana yaudara. A tsaunukan Bighorn na jihar Wyoming, mai zuwa gandun Yellowstone daga gabas yana da zaɓi. Hanyar US 16 daga Buffalo zuwa Ten Sleep tana hawa har mita 2,946 a mashigin Powder River, ta fi takwarorinta na arewa tsayi, amma ita ce masu tirela suka fi yarda da ita saboda hawanta da saukarta suna tafiya sannu a hankali. Hanyar US 14A da ke sauka zuwa Lovell ba ta kai ta tsayi ba, sai dai tana zubowa da kashi 10 cikin ɗari na tsawon kilomita masu yawa, ga kwana a kan kwana. A Kalifoniya, mashigin Sonora yana da mita 2,933, bai kai na Eisenhower ba ko kusa, amma akwai inda tsananin gangararsa ya kai kashi 26 cikin ɗari, abin da ko ƙaramar mota sai ta yi da gaske. Abin tambaya shi ne yaya tsananin gangarar yake, kilomita nawa take ɗauka ba tare da fili ba, kuma me ke jira a ƙarshenta. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa. Gangarar da ta ƙare a miƙaƙƙiyar hanya tana iya yafe wa wanda ya yi ɗan gudu, amma wadda ta ƙare a kwana mai naɗewa kamar ta yammacin mashigin Wolf Creek a kudancin Kolorado, ko ta ƙare a tsakiyar gari, tana kama mutum ne daidai lokacin da birkinsa ya fi zafi.

Mashigin Teton, tsakanin Victor a jihar Idaho da garin Jackson a Wyoming, ya nuna yadda cinikin yake a fili. Tsayinsa mita 2,570 ne, gangararsa kashi 10 cikin ɗari, kuma hukuma tana hana tirela bi gaba ɗaya daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Afrilu. Wanda ya taso daga Idaho Falls yana iya barin wannan mashigi ya bi ta Alpine, ya bi gaɓar kogin Snake har Jackson, a kan hanyar da ruwa ya riga ya sassaƙa wa sauƙi. Ƙarin bai wuce kimanin kilomita 30 ba. Rabin awa da 'yan litocin mai, shi ke nan farashin kauce wa ɗaya daga cikin gangara mafi tsanani a yankin. Duk da haka kowace shekara ana samun masu bin ta sama da tirela, saboda wayar da ke hannunsu ta ce nan ne kusa.

A nan ne nake ganin babban laifin zamaninmu. Taswirar waya irin ta Google an gina ta ne a kan ƙaramar mota, tana neman hanya mafi sauri, ba ta san kana janye da tan 3 ba, ba ta san tsawonka mita 15 ne ba. A watan Agustan 2020 gobarar daji ta rufe I-70 a kwazazzabon Glenwood. Hukuma ta ba da zagaye wanda ke ƙara awanni. Wayoyi kuwa suka riƙa tura mutane mashigin Independence mai mita 3,687 da ke sauka Aspen, hanyar da doka ta haramta wa duk abin hawan da ya wuce ƙafa 35, wato kusan mita 11, domin akwai inda ta matse tsakanin dutse da rami har motoci biyu ba sa gilma wa juna da sauƙi. Dogayen motoci suka yi ta maƙalewa har sai da aka rufe mashigin na ɗan lokaci. Wannan kuskure tsoho ne a ƙasar, kayan aikinsa ne kawai ya sake. Masu ƙaura zuwa yamma da keken shanu a ƙarni na 19 sun dogara ne da South Pass a Wyoming, mashigi mai faɗin kilomita 30 da ɗoriya wanda hawansa ke da laushi har wasu ba sa sanin sun ƙetare. A 1846 ayarin Donner ya bar sananniyar hanya bayan wannan mashigi ya bi yanke da Lansford Hastings ya tallata a littafinsa, alhali shi kansa bai taɓa bin ta da keken kaya ba lokacin da ya rubuta. Yanken ya ci musu kusan wata guda a duwatsun Wasatch da hamadar gishiri, dusar ƙanƙara ta rutsa su a tsaunukan Sierra Nevada, cikin mutum 87 guda 48 ne suka rayu. Mai ba da shawarar ya auna nisa, bai auna kaya ba, kuma wayar yau irin awon da take yi ke nan.

Akwai masu cewa wannan tsoron na motocin da ne. Motar a-kori-kura ta yau, in ji su, tana da turbo da ke rage mata asarar ƙarfi a sama, tana da maɓallin jan kaya da ke riƙe giya da kansa, ta dizal ma tana da birkin salansa, kuma kamfani ya rubuta a takarda nauyin da za ta iya ja bayan gwaji mai tsanani. Gaskiya ne motoci sun inganta ƙwarai, gwajin ma gaskiya ne. Ƙa'idar da ake kira J2807 ta tanadi a ja cikakken nauyi a hau hanyar da ta tashi daga madatsar ruwan Davis a Arizona, kilomita 18, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyi a kunne. Amma a duba abin da gwajin bai faɗa ba. Hawan Davis hawa ne, kuma ƙolinsa bai wuce kimanin mita 1,100 ba, kashi ɗaya cikin uku na tsayin Eisenhower. Lambar da aka buga an lissafa ta ne da mutum biyu a mota, ba da iyali shida da firij da kekuna da tanki cike da ruwa ba. Kamfanin Ford da kansa, a jagoransa na jan kaya, yana ba da shawarar a rage jimillar nauyi da kashi 2 cikin ɗari a kowace ƙafa 1,000 ta tsayi, wanda a bakin ramin Eisenhower ya haura kashi 20. Sannan ƙaramin inji mai turbo, wanda ke hawa kamar babba, idan aka zo sauka ƙarami ne, riƙonsa bai kai na babban inji ba. Ƙarfin da ke kai mutum sama cikin sauƙi shi ne ma ke hana shi jin nauyin da zai sauko da shi.

Wasu kuma za su ce zagaye ma ba aljanna ba ne, kuma a nan dole in ba su gaskiyarsu. Shawarar da aka saba bai wa mai zuwa Salt Lake City daga Denver ita ce ya bar I-70 ya bi I-80 ta Wyoming, inda ƙolin hanya a Sherman yake mita 2,633 kuma nisan kusan ɗaya ne. Amma tsakanin Laramie da Rawlins akwai iska mai kifar da tirela, har hukumar jihar takan rufe hanyar ga motoci marasa nauyi masu dogon jiki, kuma tirelar yawon buɗe ido ita ce ainihin irin wannan, katon akwati ne mai kama iska kamar tabarmar da aka shanya. Wannan ƙorafi bai rushe magana ta ba, ya dai nuna cewa zaɓen hanya ba a yin sa sau ɗaya a rufe littafi. Bambancin shi ne iska tana da lokaci, ana sanar da ita tun kafin ta zo, mutum yana iya kwana a Cheyenne ya tashi da asuba idan ta kwanta. Gangara kuwa tana nan kullum, jira ba ya rage mata ko mita ɗaya. Kuma ko a kan I-80 ɗin, mai lura zai ga cewa saukar Parleys zuwa Salt Lake City tana da nata tsananin, yana iya karkata a Echo ya bi I-84 ta kwarin kogin Weber zuwa Ogden. Batun kuɗin mai da lokaci kuwa, wanda ya fita hutu da gidansa a bayansa shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya yi kukan dare zai yi masa, tunda gadonsa yana biye da shi. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Ƙorafin da ya fi taɓa zuciya shi ne na masu cewa ai don ganin waɗannan wurare aka fito. Wa zai yi tafiyar kilomita 2,000 sannan a ce masa kada ya bi hanyar US 550 daga Durango zuwa Ouray, wadda ke ƙetare mashigai uku, Coal Bank da Molas da Red Mountain, ta ratsa tsoffin ma'adinan azurfa da zinariya? Ina tare da su a kan cewa a gani. Amma mai riƙe da sitiyari a saukar Red Mountain zuwa Ouray, inda akwai wuraren da babu shingen ƙarfe tsakanin taya da rami, idonsa ɗaya na kan madubi yana duba ko tayar tirela ta taka baki, ɗaya na kan layin tsakiya, me ya gani? Matarsa ma da ke gefen ramin ba kallo take yi ba, addu'a take yi. Alhali falalar tirela a kan motar da gidan ke jikinta ita ce ana kwance ta. A bi da ita ta Dolores da mashigin Lizard Head zuwa Ridgway, a ajiye ta a sansani, a cire ƙugiya, gobe da safe a hau Red Mountain da mota ita kaɗai, a tsaya duk inda aka ga dama. A gandun Glacier na Montana hukuma ta riga ta yanke wannan hukunci, domin hanyar da ke ƙetare mashigin Logan ba ta karɓar abin da ya wuce ƙafa 21, kimanin mita 6 da rabi, masu tirela kuma suna zagayawa ta US 2 da mashigin Marias mai mita 1,589. Ban ga abin da wannan doka ta rage wa masu ziyara ba, kyan wurin yana nan ga duk wanda ya hau da ƙaramar mota.

Ba ina cewa mai tirela ya guji tsauni har abada ba. Dubban mutane suna sauka Eisenhower da mashigin Vail lafiya kowace shekara, domin hanya ce mai faɗi, mai layi da yawa, mai wuraren duba birki da hanyoyin tsira, kuma wanda motarsa ta fi kayansa ƙarfi, ya auna nauyinsa a sikeli, ya sake ruwan birki, ya daidaita birkin tirela, ya shiga ƙaramar giya tun a ƙoli, yana da haƙƙin bin ta. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya tsinci kansa a gangara ba da saninsa ba. Bayanin yana nan a rubuce. Littafin Mountain Directory ya jera mashigan yammacin Amurka ɗaya bayan ɗaya da tsananinsu da tsawonsu da kwanoninsu, taswirar manyan motoci ta Rand McNally tana nuna hanyoyin da aka ware wa dogayen motoci, hukumomin hanya na jihohi suna sanar da rufewa da iska da ƙanƙara kullum. Awa ɗaya a kan tebur da waɗannan ta fi duk wata gwaninta da za a nema a tsakiyar gangara. Kamfanonin taswirar waya ma suna da nasu alhakin, domin manhajar da ta san inda cunkoso yake a wannan minti ba za ta gaza sanin cewa hanya tana zubowa da kashi 10 cikin ɗari ba, kuma ba abu ne mai wuya ba ta tambayi mai tuƙi abin da yake ja kafin ta nuna masa yanke.

Mai karatu da ya taɓa sauka Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, ko ya gangaro daga tsaunin Mambila, ya san ƙaurin da na ambata a farko, ya kuma ga gawarwakin motoci a gefen hanya. Tirelar hutu ba al'adarmu ba ce, amma nauyi da gangara ba su da ƙasa, kuma taswirar da ta tura Ba'amurke mashigin Independence ita ce a wayar direban da bai taɓa zuwa Filato ba. Don haka duk wanda zai ja kaya ya ƙetare tsauni, a Kolorado ne ko a gida, ina roƙonsa ya tambayi waɗanda suka saba bin hanyar ina gangararta take, kilomita nawa ce, me ke ƙasanta, tun kafin ya tayar da mota. Idan amsar ta fi ƙarfin birkinsa, ya bi zagaye.